Ba Ni Papelón Ke Nema Ba

Mama,

Ki sa mini albarka. Ya gwiwar taki? Ya Eudis da yara? Ina lafiya a Valparaíso, sanyin ma na fara sabawa da shi.

Karena Papelón ya fara koyon nemo waɗanda gini ya danne. Ni ke ciyar da shi, ni ke kwashe kashinsa, amma malamin da ke horar da shi ya ce, "Maigualida, ladansa ƙwallo ne, kuma wanda ya ɓuya kaɗai ke ba shi." Yanzu wani Don Hernán mai kwanciya ƙarƙashin ɓaraguzai shi ne ɗan gaban goshi. In Papelón ya gano shi, haushi yake kamar ransa zai fita. Abin na ci mini rai!

Na roƙa, ranar Lahadi ni zan shiga ramin da ake ɓuya a ciki. Shekara uku ba wanda ya neme ni haka.

'Yarki,
Maigualida