Hannun da Inna Ta Ɗaure

Doha, farkon wata

Zuwa ga Yaya Fati, inuwar gidanmu na Ƙofar Ran,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai ƙamshin turaren wuta ta tsallako teku da rairayi, ta durƙusa a ƙofar ɗakinki. Yaya ƙafar Inna? Yaya maiɗakina Salma da 'yata Zahra? Ki gafarce ni da na katse miki hidima da takarda ta hannun Istifanus direba, wanda zai zo gida hutu; maganar ta fi ƙarfin waya.

Yaya, otal ɗin da nake kai wa baƙi abinci ya wuce siffantawa. Fitilu na reto daga sama kamar an zazzago taurari, ga ƙorama a tsakar falo, cokula kuwa jere suke kamar kayan aikin likita. Har baiti ya kuɓuce mini:

Na ga ruwa yana gudu a ɗaki,
Na kama baki don yawan mamaki.

To, ga damuwata. Ko da yake ƙasar Musulmi ce, tsarin Turawa ake bi a babban zauren: a tsaya a hagun baƙo, a ajiye masa faranti da hannun hagu. Kin san bahago aka haife ni, Inna ta ɗaure hannun nan da ɗankwalinta har na koyi ci da dama, ta kuma karɓi alkawarina cewa ba zan taɓa miƙa wa ɗan Adam abinci da shi ba. Saboda haka nake murɗe jiki in miƙa da dama, har jiya gwiwar hannuna ta tunkuɗa tabaran wani dattijo cikin miya. Shugabar masu hidima za ta gwada ni ƙarshen wata. In na kasa, sai gida.

Ki roƙar mini Inna ta warware alkawarin. Ba zan ɗaga hannun ba sai da yardarta.

Ƙanenki,
Abdulbaqi

Doha, ƙarshen wata

Yaya Fati mai daraja,

Bayan gaisuwa da fatan Inna ta samu sauƙi, saƙon muryarta ya iso. Na ji ta ce ta ɗaure hannun ne don in ci abinci cikin mutane ba kunya. Tunda yanzu shi zai ciyar da iyalina, ta kwance. Na kuma jiyo ki a bayanta kina dariyar tabarau. Allah ya yafe miki.

An yi gwajin. Na yi bisimilla na miƙa hagun. Yaya, hannun da ya shekara arba'in yana barci ya ɗauki faranti kamar ba a taɓa ɗaure shi ba: babu rawa, babu ƙara, ya sauke shi a teburi tamkar saukar kurciya. Shugabar ta gyaɗa kai ta wuce. Aikina ya tabbata. Ni kuwa na manta da fitilu da ƙorama, na tsaya ina kallon tafina. Duk ginin nan babu abin da ya kai shi ban mamaki.

Saura roƙo ɗaya. Salma ta ce Zahra ta gado ni, bahaguwa ce, har ita Salmar ta fara ɗaure mata hannu. A koya mata ci da dama, amma a kwance ɗankwalin. Ki rubuto mini da gaggawa, ki bar mata gefen takardar ta yi mini zane da hannun da ta ga dama.

Ƙanenki mai kewarku,
Abdulbaqi