'Yarsa Ta Sa Na Ce Masa Babur Ɗinsa Ya Lalace

Assalamu alaikum Malam Abdulsalam. Don Allah ka taimake ni da shawara, na shiga wani hali da na rasa wanda zan faɗa wa. Ka sakaya sunana, domin a unguwarmu kowa ya san kowa. Su ma sunayen da zan ambata ba na ainihi ba ne.

Ni bakaniken babur ne a Fadaman Mada, a nan cikin Bauchi. A wannan sana'a furfura ta same ni. Rumfata 'yar ƙarama ce, ta kwano, kuma tsofaffin babura na fi gyarawa, irin waɗanda aka shigo da su tun muna samari. Yanzu sun yi ƙaranci. Masu su wasu sun rasu, wasu 'ya'yansu sun sayar wa 'yan gwangwan. 'Yan acaɓa kuma sun fi son wurin da za a cire musu tsohon abu a ɗaura sabo su wuce, ba su da lokacin mai zama yana wanke kabureta. Wata ranar har azahar ban taɓa sifana ba. Ba wannan ne ya sa na rubuto ba, amma ina so ka san inda nake.

Ina da amini, zan kira shi Hammadu. Ya girme ni sosai, don haka Yaya nake ce masa. Bafulatani ne da ya zauna a gari tun da daɗewa, amma zuciyarsa tana wajen shanunsa, waɗanda ƙaninsa Jalo yake kiwo a wata ruga kusa da Zungur. Yana da wani tsohon babur ja da ya saya shekarun baya masu yawa, kuma tun ranar da ya fara kawo mini shi ba wanda ya sake sa masa hannu sai ni. Na san kukan injin nan kamar muryar 'ya'yana. In ya doso rumfa, tun daga kan kwana nake gane ko fulogi ne yake damunsa ko sarƙa ce ta yi sako-sako. Kusan kullum bayan ya karya kumallo sai ya hau ya bi ta Yelwa ya nufi ruga, ya duba dabbobi, ya sha fura da ƙaninsa, ya dawo kafin la'asar. Tun da matarsa ta rasu, wannan tafiyar ce kaɗai take sa shi sa hula ya fita.

Daminar bara na fara lura idonsa ba daidai yake ba. Zan miƙa masa makulli sai ya kai hannu gefe. Mutum zai yi masa sallama, sai ya tsaya har ya ji muryar sosai sannan ya ambaci suna. Na yi masa magana sau ɗaya, ya ce hasken rana ne kawai yake kashe masa ido, ya kawo wani zance. Ban matsa ba, kai ma ka san kunyar Fulani da kuma girmansa.

Sai ya faɗi. Kwalbati ya hau a hanyar Yelwa, ya kurje gwiwa da kafaɗa, ya ce akuya ce ta gitta masa. Na gyara fitila, na miƙar da kan babur ɗin, na ba shi abinsa. Bayan Babbar Sallah kuma ya sake yin wani hatsarin, wannan karon wata mata ce mai goyo take tsallaka titi, bai gan ta ba sai da ya zo daf da ita. Allah Ya tsare, gefen zaninta kawai ya ja, ita da jaririn ba abin da ya same su, shi ne ya zube a ƙasa. Mutane suka taru, wasu samari har sun fara zaginsa, wani mai shago da ya san shi ne ya raba.

Kashegari aka turo babur ɗin rumfata. Da yamma sai ga babbar 'yarsa, Habibatu, wadda a gabana aka haife ta, yanzu tana aure a Yelwa da 'ya'yanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta fara magana sai kuka. Ta ce sun yi da Baffa, haka suke kiransa, ya daina hawa babur, sun yi har sun gaji. Sun ɓoye makulli ya sa an yanko wani. Sun ce a je asibiti ya ce shi ba makaho ba ne. Ta ce kullum ya fita hankalinta ba ya kwanciya, in wayarta ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi. Ta roƙe ni don girman Allah in ce masa babur ɗin ya lalace kuma ba a samun kayansa, domin maganata kaɗai yake yarda da ita a kan wannan babur. Ta ce, "Kawu, in ka ba shi ya kashe kansa ko ya kashe ɗan wani, da wane ido za mu kalle ka?"

Na amsa mata. Babur ɗin ba abin da ya same shi sai madubi da ya fashe, bugu ɗaya yake tashi. Na kwance kabureta na kai gida na ajiye, na ce wa Yaya Hammadu ta tsage, irinta kuma ta ɓace a kasuwar Bauchi, amma na aika Jos a nemo. Ya ce to, Allah Ya sa a dace.

Malam, ga shi har an yi girbi muna cikin wannan hali. Kullum sai ya shigo Keke Napep ya zo rumfata. Ya zauna a benci kusa da babur ɗin, ya ɗora hannu a kan tanki, wani lokaci ya ciro hankici ya goge masa ƙura. Ya tambaye ni ko an ji labari daga Jos, in ce ana kan nema. Ya rame, riga ta yi masa yawa. Habibatu ta ɗaukar masa mota sau ɗaya zuwa ruga, ya dawo yana cewa an kai shi kamar buhu an dawo da shi kamar buhu, bai sake yarda ba. Akwai wata tsohuwar saniya da yake ji da ita, ta yi ciwo ta mutu bai je ba, sai a waya Jalo ya faɗa masa. A bencina ya amsa wayar. Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya tashi ya tafi ko sallama bai yi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, har man shanu ya sa aka kawo mini daga ruga, wai tukuicin wahalar da nake sha wajen nema masa kaya. Matata A'i ta zuba a miya, na kasa kai loma. Rannan kuma yake ce mini a gidansa kowa yaro ya mayar da shi, ana magana ƙasa-ƙasa in ya shigo sai a yi shiru, rumfata ce kaɗai wurin da yake zama ya ji shi har yanzu mutum ne. Na sunkuyar da kai ina wanke wani ƙarfe da ba ya bukatar wanki.

A'i ta ce in daina damun kaina, ƙaryar da ta ceci rai ba laifi ba ce. Ni kuwa ban taɓa ce wa mai babur lafiyayyen abu ya lalace ba, shi ne ɗan mutuncin da ya rage mini a sana'ar nan da take mutuwa a hannuna. Kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai son kai a ciki. Shi ne na ƙarshe cikin tsofaffin mutanena. Ina tsoron in gaskiya ta fito ya daina zuwa, in zauna ni kaɗai da benci.

Yanzu ga inda ta tsaya. Ya ce ya gaji da jiran 'yan aike, in ba shi tsohuwar kaburetar ya tafi Jos da kansa ya nuna a kasuwa. Duk bakaniken da ya riƙe ta zai gaya masa lafiyarta ƙalau. Na ce masa sai na duba inda na ajiye ta. In na mayar masa da babur, ina ganin matar nan mai goyo a idona. In na ci gaba da ƙarya, ina kallon aminina yana narkewa a gabana. In na faɗi gaskiya, na haɗa shi da 'yarsa, na kuma rasa shi. Malam, yaya zan yi?

Bakanike mai damuwa, Fadaman Mada, Bauchi.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya yaye maka. Mutumin da man shanu ya tsaya masa a wuya saboda amana, zuciyarsa da rai, don haka ka rage tuhumar kanka.

Bari in fara da abin da ba ya bukatar dogon nazari. Kada ka ɗora Malam Hammadu a kan babur ɗin nan ya tuƙa da wannan idon. Ko zai yi fushi da kai har ƙarshen rayuwarsa, kada ka yi. Titi ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma wanda aka tsare sau biyu bai kamata a sake gwada sa'arsa ba. A nan Habibatu tana da gaskiya, kuma ba muguwar 'ya ba ce. Tsoro ne ya kai ta rumfarka.

Amma hanyar da ta zaɓa ta ƙare. Ƙaryar ta yi amfani a makon farko, lokacin da ake bukatar raba shi da titi cikin gaggawa. Yanzu ta fara cin wanda aka yi ta dominsa. Da an ce masa ya daina hawa, da ya yi fushi, ya yi baƙin ciki, ya haƙura ya nemi wata hanya. Ku kuwa kun bar shi yana jiran abin da ba zai zo ba, shi ya sa ya ƙi mota, shi ya sa saniyarsa ta mutu yana zaune a bencinka. Kuma idon da ya jawo duk wannan har yau ba wanda ya duba shi. Kun gyara maganar babur kun bar maganar ido.

Ka je wajen Habibatu tun kafin ka ce masa komai. Ka gaya mata zancen Jos, ka nuna mata asirin zai tonu ko kun so ko ba ku so ba, kuma gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin wani baƙo a tsakiyar kasuwa. Ba izininta za ka nema ba, sanar da ita za ka yi don kada abin ya zo mata ba shiri.

Daga nan ka same shi a gidansa, ku biyu, ba a rumfa ba inda mutane suke wucewa. Ka tafi da kaburetar ka ajiye a gabansa. Ka ce lafiyarta ƙalau, kai ka cire, kuma ka nemi gafararsa. Kada ka fara da sunan 'yarsa, domin hannunka ne ya kwance, ka ɗauki naka laifin. In ya tambaya ko da saninta, kada ka ƙara wata ƙaryar, ka ce ta zo maka tana kuka. Sannan ka faɗa masa abin da kowa yake kewayewa: ka ga yana laluben makulli, ka san ba akuya ba ce ta kayar da shi. Da kansa ya ce maka ya gaji da a mayar da shi yaro. To, babban mutum gaskiya ake gaya masa ko da ɗaci.

Ni ba likita ba ne, amma sau da yawa irin wannan dusashewar gani a wajen dattawa yanar ido ce take jawo ta, kuma likitocin ido suna cire ta mutum ya koma gani. Yana iya zama wani ciwon daban, wanda jinkiri yake ƙara masa muni, shi ya sa zaman jiran nan yake da haɗari. Kada ka yi masa alkawarin zai warke. Ka ce masa dai hanyar komawa kan babur, in akwai ta, ta asibiti ta bi, kuma kai za ka raka shi. Wanda ya ƙi bin 'yarsa don kada a ce an ja shi, yana iya bin amininsa.

Kafin nan, ai ka ce wata ranar har azahar ba ka da aiki. Ka mayar da kabureta, ka tayar da jan babur ɗin, ka goya mai shi ku tafi Zungur ko sau ɗaya a mako. Makulli ya zauna a hannunka da saninsa da yardarsa. Zai ji kukan injinsa, iska ta buge shi, shi zai riƙa nuna maka hanya, ya sauka a rugarsu a kan abin hawansa. Wannan ba irin tafiyar motar haya ba ce.

Ba zan ruɗe ka ba, zai ji ciwo ƙwarai. Yana iya ƙin amsa gaisuwarka na wani lokaci, yana iya aikowa a ɗauke babur ɗin daga rumfarka. In haka ta faru, ka sanar da Jalo da Habibatu nan take don su tsaya a kan maganar tuƙi, kai kuma ka ci gaba da zuwa gaishe shi ko ba ya amsawa. Tsoron zama kai kaɗai da ka ambata ba abin kunya ba ne, amma ka duba da kyau: mutumin da yake zuwa bencinka yanzu ba hira yake zuwa yi ba, jira yake zuwa yi, kai kuma ba ka iya haɗa ido da shi. Kun riga kun fara rasa juna.

Kada ka bari Juma'a mai zuwa ta same ka da wannan nauyi. Allah Ya ba Malam Hammadu lafiyar ido, Ya sanyaya zuciyarsa a kanka da 'yarsa, kai kuma Ya sa albarka a hannunka da rumfarka.

Malam Abdulsalam