Bishiyar Arlo

Litinin, 5 ga Yuni
Cutar ƙunar tuffa ta shiga gonar Wendell, maƙwabcina. Rassan sun yi baƙi, kawunansu sun lanƙwashe kamar an bi su da wuta. Ya fesa maganin da muka saba, ko gezau.

Alhamis, 8 ga Yuni
Dakta Ximena ta jami'a ta zo yankan rassa. Wai za su karanta ƙwayoyin halittar cutar tun daga farko har ƙarshe, su gane dangin wacce ce, daga wace bishiya ta taso. Ta bi gonaki, sannan ta tsaya gindin tsohuwar tuffar bayan kicin, wadda mijina Arlo ya dasa kafin ya rasu. Na ce wannan lafiyarta ƙalau. Ta ce, "Mama, wata takan ɗauki cuta ta yi shiru da ita." Ta kankari ɓawo. Ko kofi ban ba ta ba.

Laraba, 14 ga Yuni
Shiru.

Lahadi, 18 ga Yuni
A coci Wendell na ta zagin kamfanin da ya sayar masa da dashe. Ni kuwa ina ta tuna al'adarmu ta ƙarshen sanyi, kowa ya kawo rassan bishiyarsa mafi daɗi a yi musaya, a je a yi wa ƙananan bishiyoyi aure da su. Wa ya kai ni rabawa, rassan bishiyar Arlo gida-gida? Wendell ma na ba shi, har ina yi masa gori: "Karɓi, ka ɗanɗani tuffa ta gaske kafin haƙoranka su ƙare." Na kasa cin abincin rana.

Talata, 27 ga Yuni
Dakta ta kira. Cutar duka gonakin iri ɗaya ce, kuma bishiyar Arlo ce uwarta. Ta ce ba wanda zai iya ganewa da ido. Na tambaya ko a yanke rassan kawai. Ta ce hakan ba zai isa ba.

Alhamis, 29 ga Yuni
Wendell ya zo, ya cire hula. Na jira faɗa. Sai ya ce, "Loretta, tuffar dai akwai daɗi, ba ki yi ƙarya ba." Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 1 ga Yuli
Ban yanke shawarar komai ba. Na dai kwance lilon jikokina daga reshen bishiyar, na ɗauke kujerar Arlo na kai baranda. Na kuma gaya wa Wendell gobe zan daɗe a coci, ƙofar baya da tarakta ke shiga a buɗe take, in zai zo da zartonsa.