Buhunan Yashi a Ƙofar Gidana

Talata, 11 ga Yuni, 2024

Ruwa mai ƙarfi ya sauka a Mafara bayan azahar, abin da nake gudu kuwa ya faru. Kwatar da ke kwashe ruwan unguwarmu tun zamanin kakana, a kanta Alhaji Barau ya dasa shagunansa da rani. Ruwa ya zo ya tarar an toshe masa hanya, sai ya juyo lungunmu, ya kwanta a gindin bangon ɗakin Inna. Bangon ƙasa ne, marigayi Baba ya gina shi da hannunsa, Inna kuma ta rantse ba ta barin ɗakin da mijinta ya bar ta a ciki. Raina a ɓace yake.

Alhamis, 20 ga Yuni

Na bar wa 'yan ajina aiki, na je ofishin da ke ba da izinin gini. Gaisuwa kam na sha ta, har lafiyar awakina an tambaya. Da na zo kan maganar shagunan Barau sai jami'in ya ce, "Malam, takardu nai cikakku na. Sabuwar kwata ko, babu kuɗɗi bana."

Babu kuɗi! Kowace ranar kasuwa mutanensu na bin rumfuna suna karɓar kuɗin tsabta, ko mai tallar daddawa ba su ƙyale ba. Na ce ina yake zuwa? Ya ce in je in rubuto.

Talata, 2 ga Yuli

Na tara mazan lungu a ƙofar masallaci bayan la'asar. Kowa ya zagi Barau son ransa, Yasir na saman lungu har jijiyar wuyansa ta tashi. Da na ce to mu ɗunguma ofis, sai wannan yana da shuka, wancan yana da baƙi.

Gwaggo Marka kaɗai ta ce za ta bi ni. Tsohuwar da ta gudo daga ƙauyensu na wajen Maradun da jikokinta, ta samu ɗan ɗaki a ƙarshen lungu, inda ƙasa ta gangara. Ta ce, "Ɗana, kai ad da baki, ni ƙahwa gare ni. Mu tahi." Mun je. An bar ta tsaye a rana, an ce oga yana Gusau.

Juma'a, 12 ga Yuli

Bangon Inna ya tsage. Hannuna yana shiga.

Lahadi, 21 ga Yuli

Na saman lungu duk sun jera buhunan yashi a ƙofarsu, kowa ya tura wa na ƙasa da shi ruwa. Yasir mai jijiyar wuya shi ya fara. Marasa kunya! Na daina amsa gaisuwarsa.

Isma'ila ƙanen matata Hafiza ya zo daga Bakura, ya dubi tsagar ya ce, "Yaya, mi kaka jira? Buhu da yashi, ka karkata shi shi wuce." Na ce ya wuce ina? Ya dubi ƙarshen lungu, wajen ɗakin Gwaggo Marka. Na gaya masa ni ba Barau ba ne.

Asabar, 3 ga Agusta

Na tare Barau a shagonsa. Ko kunya, har kujera ya jawo mini. Wai shi ma saye ya yi, in je in tambayi wanda ya yanka masa filin. Na gaya masa maganar da ba zan rubuta a nan ba.

Na dawo na tarar ƙasa ta zubo kan gadon Inna tana sallah a gefe. Allah ya kiyaye. Na durƙusa na roƙe ta ta dawo ɗakinmu. Ta ce sai dai in fitar da gawarta.

Litinin, 5 ga Agusta

Isma'ila ya kawo buhuna a amalanke. Ban ce ya kawo ba. Ban dai ce ya mayar ba.

Laraba, 7 ga Agusta

Ruwa tun hantsi har la'asar. Buhunan da aka jera a ƙofarmu sun karkatar da shi, gindin bangon Inna ko laima babu.

Ɗakin Gwaggo Marka ya faɗi. Sun fito da ransu, amma ɗan geronta da kayan sawar yaran suna ƙarƙashin laka. Ta biyo ta ƙofarmu da jiƙaƙƙiyar tabarma a ka. Ta tsaya ta dubi buhunan nan sosai, sannan ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi jikin Inna. Ta ce, "Allah shi tsare muku naku, ɗana."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 9 ga Agusta

Laifin Barau ne da mutanen ofis. Na rubuta don kada in manta. Su suka sayar da hanyar ruwa, ba ni ba.

Hafiza ta share wa Gwaggo Marka da yaran zaurenmu, ba ta ma tambaye ni ba. Yanzu ta ƙofar baya nake fita. Ta fi kusa da makaranta, ba wani abu ba.

Takardar da aka ce in rubuto tana aljihuna har yau, ban kai ba.

Hadari ya haɗo bayan an sauko Juma'a, na fita gyara buhunan da suka goce. Yasir ya zo wucewa, ya tsaya ya kama mini bakin wani na ɗaure. Ya ce, "Sannu da aiki, Malam."

Na amsa.