Harafi Ɗaya Tak

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma ciwon ƙafar nan ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, in ban da aikin da ke neman sa mini furfura tun lokaci bai yi ba.

Kin ce in daina cinye miki caji da ƙorafin makaranta, in rubuto. To ga shi. Ajina na bana uku-uku suke zama a benci, fankar sama kuwa ta mutu tun kafin a ɗauke ni aiki. A rubuce yaran nan sun iya Turanci daidai gwargwado. Amma ki ce su buɗe baki, sai kowa ya sunkuya neman biro a ƙarƙashin tebur. Ga jarrabawar baka tana tafe ƙarshen zango, baƙo za a turo ya zaunar da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya faɗi zai maimaita aji.

Ba dabarar da ban gwada ba. Na raba su rukuni-rukuni, aka koma hirar ƙwallo. Na kawo wasan mai saye da mai sayarwa, aka gama ciniki da nunin hannu. Da na rasa yadda zan yi, sai na buɗe musu guruf a waya, na ce kowa ya naɗi muryarsa yana ba da labarin gidansu. Wanda ba shi da waya ya ari ta uwarsa. Yaya, sai ga bakuna sun buɗe! Ashe ido suke tsoro.

Saura mutum ɗaya, wata yarinya da suke kira Shiru-shiru. Ta fi kowa rubutu, amma ban taɓa jin muryarta ta wuce bencinta ba. Kullum ina lallaɓa ta, na yi mata alkawarin ba mai yi mata dariya. In ba ta yi magana ba za ta faɗi, kuma wallahi ba zan iya kallon haka ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki yi haƙuri da mugun rubutun nan, raina a ɓace yake.

Shiru-shiru ta turo muryarta. Na yi murna har na taka rawa a kicin. Sai dai kin san mu da harafin p, bakinmu f yake mayar da shi. Mahaifinta ɗan sanda ne mai ba da hannu a shataletale. Ta so ta ce “My father is a policeman,” sai ya fito kamar “foolish man,” wato wawan mutum. Wani ɗan albarka a ajin ya yanke wannan gaɓar kaɗai, ya ɗora mata kiɗa, ya saki. Kafin sati ya zagayo, har mai gyaran takalmin ƙofar makaranta yana rerawa. Na tsare ajin, na yi faɗa har muryata ta dishe, kowa ya rantse ba shi ba ne.

Shugaban makaranta ya kira ni ofis, ya wanke ni tas. Wai wa ya aike ni, allo da alli sun kashe wa? Ya ce in rufe guruf ɗin nan take, na rufe a gabansa. Ban kai ƙarshen baranda ba na jiyo kiɗan yana tashi daga ofishinsa, shi da mataimakinsa suna ƙyaƙyatawa. Na tsaya kamar in koma, sai na tuna ina da haya a kaina.

Yarinyar ta daina zuwa. Na bi ta gida, ta ƙi fitowa daga ɗaki. Uban ne ya shigo daga aiki, ƙaton mutum, na shirya shan zagi. Sai ya ba ni kujera. Ya ce direbobi suna leƙo kai ta taga suna jefa masa kalmar, shi bai dame shi ba, ya ji abin da ya fi wannan a kan titi. Ya roƙe ni in kunna masa naɗin gaba ɗaya in fassara, don Turancinsa na aiki ne kawai. Na fassara masa inda ta ce shi yake goge kakinsa da kansa, kuma bai taɓa cin abinci ba sai ya tambaya ko ta ci. Ya daɗe yana kallon hularsa.

Abu ɗaya ya nema. In koya mata kalmar nan har ta zauna a bakinta, ta faɗe ta gaban mai jarrabawa, don ta san aikinsa ba abin kunya ba ne. Na ce na ɗauka.

Ki sa mu a addu'a. A shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikinki da mutanen gida. Na ga saƙonki, na gode. An yi jarrabawar.

Kafin nan Shiru-shiru ta dawo aji, amma ta koma bencin ƙarshe. Kullum bayan an tashi muke zama mu biyu, ta riƙe ƴar takarda a gaban leɓenta. In p ya fito daidai takardar za ta motsa, in f ne sai dai ta ɗan karkata. Mun yi ta yi har ta iya, ras, ta fi ni ma. Sauran ajin kuwa sun koyi wata sabuwar dabara da ban koya musu ba: duk kalmar da ke da p sai su kewaye ta.

Ranar jarrabawa uban ya nemi izini a wurin aiki, ya kawo ta a babur, cikin kakinsa, ya zauna a baranda. Ni ina kusurwar ɗakin, doka ta hana ni tofa komai. Mai jarrabawar, wata dattijuwa mai tabarau da ba ta san komai kan zancen ba, ta tambaye ta sunanta da ajinta. Sannan ta tambaye ta aikin mahaifinta. Na ce a raina ai mun shirya.

Yaya, ta ɗaga kai ta ce, “My father is a tailor.” Tela! Ta kwatanta kekensa da almakashinsa da yadda mutane ke cika shagonsa, tiryan-tiryan, ba gargada ko ɗaya. Uban da ba ta da shi ta ƙera, da Turancin da ban san tana da shi ba. Dattijuwar ta ba ta makin da ya fi na kowa, ta juyo ta ce in ci gaba da duk abin da nake yi. Shugaba har ya fara gaya wa mutane dama shi ya ba ni shawarar guruf.

Da muka fito uban ya miƙe, ya cire hula. Na ce ta ci jarrabawar. Ya ce ba wannan yake tambaya ba, ta faɗa daidai? Yarinyar tana gefensa, idonta a ƙasa. Na ce masa ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Ya yi ta godiya har ya ba ni kunya. Ya ɗora ta a babur yana cewa yau sai ta maimaita wa mamanta, ta ji da kunnenta.

Ba ni da sauran abin faɗa. Ki gaida gida.

Taki har kullum,
Auta