A Mayar da Allon Yadda Aka Same Shi

Da sunan Allah nake farawa. Ni, Yayarku ta ɗakin kwamfuta, da hannuna nake rubuta wannan, hankalina a jikina yake, babu zazzaɓi, ba a kuma fara ba ni maganin da ke sa barci ba. Likita ya ce aikin zuciya irin nawa da yawa ana yi a tashi lafiya, wani lokaci kuma ba a tashi. Na gode masa da bai ɓoye mini ba. Kun san ni da nauyin baki, shi ya sa abin da na kasa faɗa muku ido da ido na zuba shi a takarda.

Zuwa gare ku ku uku da 'yan ajinmu ke tsokanata suna kira 'ya'yana: Doguwa, da Mai Tabarau, da Auta. Ko aji shida ban gama ba balle haihuwa, amma sunan bai taɓa ɓata mini rai ba.

Na ɗaya. Manhajar aron littattafai da ke kan tsohuwar kwamfutar laburare taku ce ku uku, ba babba ba ƙarama. Ba ta da hoto ko ɗaya, baƙin allo ne da fararen haruffa, kuma na san 'yan aji suna ce mata talabijin ɗin kaka. Ku bar su su yi dariyarsu, ita ke sanin littafin da ya fita da hannun da yake ciki.

Malamarmu ta kwamfuta ce ta rubuta ta kafin a yi mata canjin makaranta. Auta, ke ba ki riske ta ba, kin yi rashi. Mace ce da ba ta ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin ta tashi daga kujera ba ta mayar da ita ƙarƙashin tebur ba. Ranar da ta fara koya mini, na zo da zumuɗin zana akwatuna a allo, sai ta sa ni rubuta layukan buɗewa da rufewa na manhaja kawai, babu komai a tsakani. Na kunna, allon ya share, ya dawo da duk rubutun da ke kansa a da. Cikin kunya na ce mata ai ba abin da ya faru. Ta yi murmushi ta ce aikin da ya fi kowane wuya ke nan na gama.

Daga baya na fahimta. Manhaja irin tamu aron allon take yi. Da ta tashi, sai ta fara adana yadda ta same shi, ta auna layukansa da faɗinsa, ta hana haruffan da ake dannawa fitowa da kansu, ta ɓoye ɗan layin nan mai ƙiftawa, sannan ta zana nata. Idan za ta fita, dole ta mayar da komai mazauninsa. Malama takan ce kar wanda ya rubuta buɗewa ya tashi daga kujera sai ya rubuta rufewa.

Na biyu, kuma shi ya fi damuna: gabar da ke tsakaninku, Doguwa da Mai Tabarau.

Dukkanmu muna nan ranar. Kun sake gyara manhajar don ta dace da sabon allon da aka kawo, Doguwa ta ɗauki buɗewa, Mai Tabarau ta ɗauki rufewa. An buga ƙararrawa layin masu aron littafi ya yi tsawo, Baba mai laburare ya ƙosa, ya danna maɓallan da ke katse aiki da ƙarfi maimakon ya fita ta hanyar da aka tanada. Manhajar ta mutu riƙe da allon. Baba na dannawa, ko harafi ba ya fitowa, rubutun da ya rage kuma ya karkace kamar matakalar bene. Bawan Allah ya ɗora hannu a ka yana cewa ya kashe kayan makaranta. Shugabar makaranta ta zo ta gani, ta ce a ƙarshen zango za ta dawo ta gwada da kanta, in hakan ya sake faruwa kwamfutar sito za ta tafi, a koma katin takarda, a karɓe makullin ɗakinmu.

Tun ranar, Doguwa na cewa rufewar ce ba ta yi aiki ba, Mai Tabarau na cewa buɗewar ce ta taɓa abin da bai kamata ba. Kuna zaune a benci ɗaya kuna aika wa juna saƙo ta bakin Auta, har da na aron biro.

Na karanta aikin kowaccenku layi-layi kafin a kawo ni asibiti. Doguwa, buɗewarki ta burge ni. Ke ce kika lura allon ba kullum girmansa ɗaya ba, kika sa manhajar ta riƙa aunawa maimakon ta yi zato, abin da ni ban taɓa kawowa a raina ba. Mai Tabarau, rufewarki tsaf take, ba abin da kika manta, har launi kin mayar. Babu mai laifi a cikinku. Abin da ya ɓace a tsakaninku yake: ba wadda ta gaya wa manhajar cewa ko katse ta aka yi, ko kuskure ne ya kayar da ita, ta bi ta rufewa kafin ta mutu. Wannan layin a buɗewa ake rubuta shi, amma rufewa yake kira, don haka ɗaya ba za ta iya rubuta shi ba tare da ɗayar ba. Zan iya rubutawa da kaina, da gangan na bari.

Na uku. Daga yau ku yi musaya. Doguwa ta karɓi rufewa, Mai Tabarau ta karɓi buɗewa, duk wadda ba ta gane wani layi ba ta tambayi mai shi da bakinta. Makullin ɗaki na bar wa Doguwa. Filashina mai jan zare, wanda kwafin manhajar ke ciki, na bar wa Mai Tabarau. Na san abin da na yi, ku yi ta jin haushina tare.

Na huɗu. Auta, na sauke ki daga aikin ɗan aike. Sabon aikinki ɓarna ce: in sun gama gyara, ki zauna ki katse manhajar ta duk hanyar da kika sani, ki danna abin da ba a dannawa, ki rage girman allon tana tsakar aiki. Kar ki ji nauyinsu don sun girme ki, gara ta faɗi a hannunki da ta faɗi a hannun Shugaba. Kina da ido. Ban manta ranar da akwatin sunaye ya ƙi fitowa muka rasa dalili ba, kika ce a hankali ai zanen yana can a ajiye, ba mu ce a sabunta allon ba ne. Sannan ki zauna da Baba ki koya masa cewa in allo ya makance ba mutuwa ya yi ba, yana ji. Ya rubuta kalmar Turancin nan reset ko da bai ga haruffan ba, ya danna maɓallin Enta, allon zai dawo. Ki bi shi a sannu, har yanzu yana tsoron taɓa kibod ɗin. Rigar sanyina da ke rataye bayan ƙofa taki ce, ki naɗe hannun.

Na biyar, kayan mutane. Kibod ɗin da muke amfani da shi na ɗakin kimiyya ne, aro mai kula da ɗakin ya ba ni da namu ya lalace. In an gyara namu ku mayar masa, ku goge ƙurar tsakanin maɓallan. Idan Allah ya haɗa ku da Malama, ku ce mata abin da ta bari yana aiki, kuma ya samu hannaye uku da suka fi nawa.

Na shida. Akwai littafi guda da ya fita da sunana, yana nan gefen gadona, na roƙi Mama ta kai muku. Kar wadda ta shigar wa manhajar cewa an dawo da shi sai gyara ya kammala. In na tashi, da ƙafata zan zo in tsaya a layi kamar kowa. In ban tashi ba, ranar da Shugaba za ta zo ku shigar da shi a gabanta: Mai Tabarau ta buɗe, Doguwa ta cire sunana daga masu aro, Auta ta katse manhajar da gangan, Shugaba ta ga allon ya dawo da kansa. Ba na son sunana ya zauna a can yana riƙe da abin da ba nasa ba.

Abin da nake da shi ke nan. In na taɓa yi wa ɗayarku tsawa ko na yi shiru inda ya kamata in yaba, ku yafe mini, ni ban riƙe kowa ba. Ku zauna a benci ɗaya, ku ci gaba da karɓar ƙananan da ke leƙe ta taga, ku fara musu da buɗewa da rufewa kamar yadda aka fara mini. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku ilimi mai amfani, ya sa ku fi ni.

Wadda ta fita ƙarshe ta mayar da kujera ƙarƙashin tebur.

Yayarku.