Jegon Hamsatou da Ɗorawar Partago

Djougou, Disamba 1985

Zuwa ga maigida Alhaji Ashafa, Ladjifarani, Parakou.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da ciwon gwiwar nan da ba ka so a ambata. Yaya kasuwa? Mu nan lafiya lau. Autarmu Hamsatou ta iso gida haihuwar fari, cikin ya yi nauyi, ba ta da aiki sai cin doya da barci.

Direban kamiyo, babbar motar kayan nan, ya kawo saƙonka, cewa ka shirya da mai gawayi zai sauke mana busasshen itacen jego, shi kuma ya sare ɗorawar gonarmu ta Partago a madadin. Alhaji, tunda ka aure ni ban taɓa mai da maka magana ba, amma wannan kam ka yi mini gafara, ban yarda ba.

Ɗorawa bakwai na tarar a gonar nan ina amarya. Duk haihuwar da aka yi a gidan nan sai jego ya cinye guda, har ina iya nuna maka kututturen kowane yaro. Saura ɗaya tilo. Daga ita nake samun kalwar daddawar da kake aiko mota ɗauka, kana cewa miyar Parakou salam take. Matan da ke samo itace a bayan gari a da, yanzu sai sun kai wajen Bariénou. In muka sare wannan, jikar da ke tafe a bakin tsofaffi za ta ji labarin ɗorawa.

Kada ka ce zan bar 'yarka da ruwan sanyi. Wallahi safe da yamma sai ruwa ya tafasa har a yi arba'in. Na ga wata dabara wurin 'yar ƙabilar Yom ɗin nan mai dafa burukutu a hanyar gona. Kada ka zaro ido, murhunta na je kallo! Ta gina shi da ƙasar suri, ya rungume tukunya har wuya, ƙofa ɗaya 'yar ƙarama, wuta ba ta da wurin gudu. Mu kuwa murhun duwatsu uku, iska muke dafa wa ruwa tun zamanin kakanni.

Ka dakatar da mai gawayi, don Allah. Ka gai da surukinmu Sabiou, ka ce masa matarsa ta fi ƙarfin zanenta.

Taka har kullum,
Zinatu

Djougou, Fabrairu 1986

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar yadda ka koma bayan suna, da fatan hanya ba ta tayar maka da gwiwa ba. Mai jego da 'yar jaririya Hindou suna lafiya, yarinya sai tsotso kamar an aiko ta.

Ranar suna mutane sun yi yawa, ban samu na amayar maka da abin da ke cikina ba. Ka dai ga Hajiya Tsahara, uwar Sabiou. Tun daga zaure take baza ido tana neman tsibin itace, irin wanda dangin miji ke dubawa su san an ɗauki 'yarsu da daraja. Sai ta tarar da buhunan ɓawon gyaɗa, da totuwar masara, da garin katakon da na roƙo wurin kafinta. A gaban mata ta ce ita dai ba ta taɓa ganin jegon shara ba, ko talauci ne ya kama gidan Alhaji a faɗa musu su taimaka. Na shiga ɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Na ga kai ma kunya ta kama ka, shi ya sa ban yi musu ba da ka kafa sharaɗi: ranar da ruwa ya kasa tafasa, ko jikin Hamsatou ya nuna alamar kumburi, ɗorawa ta zama ta mai gawayi.

To, saura ƙiris a yi haka. Bayan tafiyarka murhun ya tsage tun daga baki har gindi. Hayaƙi ya turnuƙe gida, ruwa ya tsaya da ɗumi-ɗumi, ga Hajiya ta ƙi komawa Parakou, tana zaune bisa tabarma tana kaɗa ƙafa. Ran nan kujerar tsakar gida na faskara, tsohuwar nan mai ƙafa uku, ka yafe mini ita. Da ita ruwa ya tafasa.

Washegari na tafi Partago. Mai burukutu ta yi mini dariya har da riƙe ciki, ta ce ƙasa zalla na kwaɓa, ba ciyawa ba kashin shanu, dole ta fashe. Ta bar tukwanenta ta biyo ni, muka liƙe tsagar, muka gina na biyu a gefe yana shan iska. Na kuma shafe tano, duron ƙarfen nan na ruwa, da baƙin tukunya na girke shi a rana. Kafin la'asar ruwan ciki ya yi zafin da rana ta gama rabin aikin, wuta ƙarasawa kawai take yi.

Har delegen unguwa, wakilin gwamnati, ya leƙo, wai Kamarad Zinatu ta zo taron matan juyin juya hali ta yi bayani. Na ce masa kamarad tana da mai jego, sai an yi arba'in.

Ka taya ni da addu'a, gabana yana faɗuwa duk sanda na hura wuta.

Taka,
Zinatu

Djougou, Afrilu 1986

Maigida abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar farin ciki, ina fata kai da mutanen gida kuna lafiya. Ka zauna da kyau kafin ka karanta.

An yi arba'in! Ko sau ɗaya ruwa bai kasa ba. Hamsatou ta yi ɓul-ɓul, fata sai sheƙi, Sabiou da ya zo ɗaukarta sai sosa ƙeya yake yana murmushi.

Bari in ba ka labarin Hajiya Tsahara. Wata safiya ta ce wai ruwan ɓawon gyaɗa ba ya ratsa ƙashi kamar na itace. Kafin in hana ta, ta tsoma hannu a ƙwarya. Kai, Alhaji! Salatin da ta yi har maƙwabta sai da suka leƙo ta katanga. Na shafa mata man kaɗe ina cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini. Tun daga ranar ita ke zuba totuwa a murhu. Da za ta tafi ta ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, ta ce ɗiyarta Memuna na da ciki, itacen Parakou kuma ya gagari mutane, ko zan zo in gina mata irinsa. Na ce zan duba, jegon shara ba kowa ake yi wa ba. Ta kai mini duka da mayafi, muka yi ta dariya.

Gidaje da yawa a unguwa sun gina nasu. Ni kuma ko tuwon gida a kai nake yi, ɗan guntun ice ya ishe ni.

Jiya kafin su kama hanya na goya Hindou muka je gona. Ɗorawa ta yi 'ya'ya har rassa sun sunkuyo. Mai gawayi ya wuto da gatari a kafaɗa, ya gaishe ni, ya ɗaga kai ya dube ta, ya wuce. Na zagaya da yarinya na nuna mata kututture shida, na kira mata sunan mai kowanne, har na babban yayan uwarta. Sannan na kwance ta na shimfiɗe a inuwa, na ce mata ke kam taki ɗorawar a tsaye take. Hawaye ya zubo mini, na daɗi.

Ga ƙunshin garin ɗorawa nan wurin Sabiou, na bana ne, daddawa na biye. In ka zo da damina ka taho da gwiwarka da fartanya, na ajiye kalwa za mu shuka a gindin kowane kututture.

Allah ya bar mu tare.

Taka har kullum,
Zinatu, kakar Hindou